Rabaran G. P. Bargery (1876-1966): Baturen da Ya Kasa Kunne ga Baƙaƙen Hausa

Gabatarwa

Babu ɗalibin da zai yi zango ɗaya a sashenmu bai ji sunan Bargery ba. Galibinmu mun san shi ne a matsayin suna kawai a bayan wani ƙaton ƙamus, wanda malami zai tura mu ɗakin karatu mu dubo kalma a ciki, mu rufe mu dawo. Ba kasafai muke tsayawa mu tambayi ko wane ne mutumin ba, ko me ya kawo shi ƙasar Hausa, ko kuma me ya sa littafin da aka buga tun 1934 har yanzu manyan malamai suke kafa hujja da shi.

Wannan ɗan rubutu zai bi rayuwarsa daga haihuwa zuwa rasuwa, amma inda zan fi daɗewa shi ne kan baƙaƙe. Ina da dalili. Ni 'yar ƙabilar Birom ce, Hausa harshena na biyu ne, a unguwa da kasuwa na koye ta kafin in zo nan Naraguta in karance ta. Duk wanda ya shigo Hausa daga waje ya san cewa abin da ke fara ba baƙo wahala wasu 'yan sautuka ne da kunnensa bai saba rarrabewa ba. Kalmar baƙi ita kanta ta isa misali: a cire mata ƙugiya, sai ta koma baki, wanda ake cin tuwo da shi. Bargery ma daga waje ya shigo, kuma a ganina abin da ya fifita shi a kan waɗanda suka riga shi wannan aiki shi ne kunne.

Haihuwarsa da Zuwansa Nijeriya

An haifi George Percy Bargery ranar 1 ga Oktoba, 1876, a birnin Exeter da ke kudu maso yammacin Ingila. A nan ya yi karatunsa na farko a makarantar Hele's, sannan ya wuce Landan, kwalejin Islington, inda ƙungiyar mishan ta CMS take horar da waɗanda za ta aika ƙasashen waje. An naɗa shi limamin coci a 1899, bai wuce shekara 23 da haihuwa ba. Shekarar da ta biyo baya ya iso Arewacin Nijeriya.

Shekarar 1900 ba ta kasance mai sauƙi ga ɗan mishan ba. A cikinta ne Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, amma Kano da Sakkwato ba su shiga hannunsa ba sai a 1903. A cikinta ne kuma ayarin Bishof Tugwell, wanda Likita Walter Miller yake ciki, ya isa Kano, Sarki Alu ya umarce su da su bar masa gari. Suka juyo suka ya da zango a Girku, kudu da Zariya, kuma sai a 1905 aka yarda suka zauna cikin birnin Zariya. A cikin wannan ƙaramin rukuni na ma'aikatan CMS a ƙasar Hausa Bargery ya yi shekara 10. Ta fuskar abin da ya kawo su, wato shigar da mutane Kiristanci, ba su samu wani abin a-zo-a-gani ba a garuruwan Musulmi. Ribar da suka ci ta harshe ce. Joji yana da tafinta da dogari, shi kuwa ɗan mishan dole ya zauna a zaure ya saurari mutane, in ba haka ba babu mai sauraronsa.

A 1910 rashin lafiya ta sa aka mayar da shi gida. Ya dawo a 1912, wannan karon a matsayin ma'aikacin ilimi na gwamnatin mulkin mallaka. Shugaban ilimi na Arewa a lokacin shi ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa. Sa'o'in juna ne, domin a 1876 aka haife su su biyun, kuma shi ma Vischer ta hannun CMS ya fara shigowa ƙasar. An tura Bargery ƙasar Tibi, inda ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Wannune. Wannan zama ba a cika ambatonsa ba, amma ni ina kyautata zaton ya yi masa amfani. Harshen Tibi yana da v da kp da gb, yana kuma da karin sauti, kuma wanda ya horar da kunnensa a harshe biyu na Afirka ya fi mai ɗaya sanin cewa Turanci ba shi ne ma'aunin sauti ba.

Yadda Ya Tarar da Rubutun Boko

Kafin Bargery an yi fiye da shekara 50 Turawa suna rubuta Hausa da haruffansu. Na farko da ya yi aiki mai yawa shi ne James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan, wanda ya bi ayarin Kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ya wallafa littafin kalmomi a 1843, nahawu a 1862, ƙamus kuma a 1876, wato shekarar da aka haifi Bargery. Schön bai zauna a ƙasar Hausa ba. Ya fara jin Hausa daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, daga baya kuma daga bakin Dorugu, yaron da matafiyi Heinrich Barth ya kai Ingila a 1855. Ya yi ƙoƙari matuƙa, amma a rubutunsa b da ɓ harafi ɗaya ne, haka d da ɗ, haka k da ƙ. Mai karatu ya duba abin da wannan ke haifarwa: kafa da ƙafa sun zama kalma ɗaya, haka fada da faɗa, kusa da ƙusa, daidai da ɗaiɗai, duka da duƙa. Mafi muni, bari da ɓari.

Bayansa C. H. Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya fitar da nasa ƙamusun a 1899 zuwa 1900, ya kuma fara sa ɗigo a ƙarƙashin wasu baƙaƙe don nuna cewa daban suke. A 1912 Vischer ya wallafa ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. Duk da haka kowa da kiɗansa: wani ya sa ɗigo a ƙasa, wani ya sa ɗan waƙafi a sama, wani kuma bai sa komai ba, musamman idan maɗaba'a ba ta da harafin.

A nan akwai abin da ya kamata mu ɗalibai mu riƙe, domin wani lokaci ana ba da labarin kamar Turawa ne suka gano waɗannan sautuka. Malaman ajami sun riga su ji. Da suka zo rubuta ƙ, sai suka ɗauki harafin Larabci na ƙaf, suka bar kaf wa k. Da suka zo kan ɗ, sai suka ɗauki harafin da almajirai suke kira ɗa mai hannu, suka bar dal wa d. Wannan zaɓi ya yi daidai da yadda Hausa ta daɗe tana karɓar kalmomin Larabci: alƙalami, alƙali, sharaɗi, ɗabi'a, har da ɗalibi, sunan da muke amsawa. Baƙin da ajami ya fi yi wa sakaci shi ne ɓ, wanda sau da yawa ake rubuta shi kamar b. Saboda haka lokacin da gwamnatin Lugard ta zaɓi boko ta ajiye ajami, ta fuskar baƙaƙe dai baya aka fara komawa, sai daga bisani aka cike giɓin.

Me Ya Sa Bature Bai Ji Su Ba?

Amsar tana cikin yadda ake furta su. A darasin tsarin sauti an koya mana cewa ɓ da ɗ haɗiyau ne: maƙwallato yakan yi ƙasa a lokacin furuci, kamar za a haɗiye iskar. Su kuwa ƙ da ts tunkuɗau ne: tantanin maƙwallato yakan rufe, maƙwallaton ya yi sama ya tunkuɗo iskar da ke tsare a baki. Turanci da Jamusanci da Faransanci ba sa bambanta ma'anar kalma da wannan motsi. Kunnen da bai taɓa buƙatar jin bambanci ba, ko an furta masa sau goma, abin da ya sani zai ji. Shi ya sa tsaya da saya suke rikita sabon shiga.

Bugu da ƙari, Bargery ya tashi ne cikin harshen da rubutunsa da furucinsa suka daɗe da raba gari. A kalmar knife akwai k amma ba a furta ta, haka b a ƙarshen lamb, haka s a cikin island. Haruffan gh shiru suke a night, amma a laugh sun zama f. Harafin c sautinsa ɗaya a cat, wani daban a city. Tagwayen ch suna da sauti uku a church da chemist da machine, th kuma biyu a thin da this. Ba haka kawai abin ya faru ba. A da Ingilishi suna furta k ɗin knife, kamar yadda Jamusawa suke furta ta har yau a kalmarsu ta gwiwa, Knie. Bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa, aka bar haruffan a baya kamar kufai.

Wani abin kuma shi ne maimaita baƙi. A Turanci nn ɗin dinner ba ta fi n ɗaya tsawo ba, aikinta kawai ta nuna yadda za a karanta wasalin da ya gabace ta. A Hausa kuwa baƙi biyu a rubuce baƙi biyu ne a baki, shi ya raba dabba da daba. Baturen da ya saba ganin maimaici a matsayin ado sai ya zuba shi inda babu, ya cire shi inda yake.

Sakamakon yana nan a taswirarmu har gobe. Sakkwato ta zama Sokoto, an zubar da shadda an zubar da kw. Haɗeja ta zama Hadejia, Ƙauran Namoda ta zama Kaura Namoda, Bauci kuma ta riƙe ch ɗin Turanci. A hayin iyaka Faransawa sun yi nasu: Tasawa ta zama Tessaoua domin da ou suke rubuta w, Maraɗi ta rasa ƙugiyarta, Dogon Dutsi kuma ta zama Dogondoutchi. Wannan na ƙarshen ma akwai gaskiya a cikinsa, tunda a Hausar yamma ts takan karkata zuwa ga c idan i ko e ta biyo ta.

Aikin Ƙamus

A 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford, gwamnati ta ɗauke wa Bargery sauran ayyuka ta ɗora masa haɗa ƙamusun Hausa. Kada mu ruɗi kanmu game da manufarta. Jami'an mulkin mallaka a Arewa dole ne su ci jarrabawar Hausa, kuma da Hausa ake karɓar haraji ake yanke shari'a. Ƙamus kayan mulki ne a wurin waɗanda suka biya kuɗinsa. Amma abin da ya fito ya zarce abin da suka nema nesa ba kusa ba.

Shekara 13 aka yi kafin littafin ya fito. Bargery bai tsaya ga Hausar gari ɗaya ba. Ya ɗauki ta Kano a matsayin ginshiƙi, sannan ya zagaya yana tattaro kalmomi, yana sa wa kowace alamar inda ake faɗin ta, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Gobir, ko Zazzau, ko Daura, ko Haɗeja. Ga mai nazarin baƙaƙe wannan taska ce, domin a nan ne za ka ga yadda baƙi ɗaya yake sauya riga daga gari zuwa gari: abin da Bakano zai ce fari, Basakkwace ya ce hwari, fita kuma ta zama hita. A shekarun ƙarshe na aikin R. C. Abraham, haifaffen Ostireliya, ya taimaka masa, musamman wajen karin sauti, wanda F. W. Taylor ya fara nunawa a nahawunsa na 1923. Matar Bargery ta rasu a 1932, aikin bai kai ga fitowa ba.

Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ce ta buga shi a 1934, da shafi fiye da 1,200 da kalmomi kusan 39,000, da kuma bayani kan Hausawa da harshensu daga alƙalamin Farfesa Diedrich Westermann na Jamus. Wanda ya buɗe kalmar ƙato zai tarar an jera masa kalmomi wajen 300 da Bahaushe yake siffanta girman abu da su. Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin mai cewa Hausa ba ta da kalmomi.

Sai dai abin da ya fi burge ni ba yawan ba ne. A wannan ƙamus, kalma bayan kalma, an ware ɓ daga b, ɗ daga d, ƙ daga k, 'y daga y, an nuna tsawon wasali, an nuna karin sauti. Ba a wasu kalmomi ba a bar wasu, kamar yadda aka saba a baya. Mutum ya yi tunanin abin da wannan yake nufi a aikace: kowace kalma sai an nemi mai harshen ya furta ta, an saurara, an sake saurara, a zamanin da ba a yawo da na'urar ɗaukar murya a aljihu.

Har ila yau ya kama wani abu da rubutunmu na yau ma ya saki, wato r guda biyu. Akwai ra-kaɗe, wadda ake naɗe harshe baya a kaɗa shi sau ɗaya, kamar a rana da ruwa da sarki. Akwai kuma ra-gare, wadda tsinin harshe yake bugun hanƙa, kamar a karatu da rahama da biyar, kuma ita ce ta fi yawa a kalmomin aro. Bara mai yi wa sarki hidima da bara irin ta almajiri, r ce kaɗai ta raba su. Daidaitacciyar Hausa da harafi ɗaya take rubuta su duka, bisa hujjar cewa Bahaushe ba ya buƙatar a nuna masa. Hujjar gaskiya ce, amma ta Bahaushe ce. Mu da muka koya daga baya, shafi ba ya gaya mana wace r ce a gabanmu, sai mun koma wurin Bargery ko wurin waɗanda suka bi sawunsa, kamar ƙamusun Paul Newman na 2007.

Akwai inda zan yi ƙorafi. Sunan mutum ɗaya ne a bayan littafin, alhali kowace kalma a ciki daga bakin wani Bahaushe ta fito, kuma malaman Hausawa sun yi shekaru suna zaune da shi suna tantancewa. Al'adar zamanin ke nan. Ƙamusun Abraham na 1949 ya fito da sunan Malam Mai Kano tare da nasa, amma a bugun 1962 sunan Abraham kaɗai ya rage. Idan muna yabon kunnen Bargery, mu tuna da bakunan da kunnen ya saurara.

Zuwan Ƙugiya

Ƙamusun 1934 ya tabbatar da waɗanne sautuka ne suke daban, amma siffar da za a ba su a takarda ba ta gama zama ba. Ɗigo a ƙarƙashin harafi yakan ɓace a bugu, yakan kuma ɓuya idan an ja layi a ƙarƙashin kalma. A ƙarshen shekarun 1930 ne aka karɓi baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kuma Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya yana da babban hannu a wannan. A waɗannan shekarun ne kuma c ta maye gurbin ch, shi ya sa littafin Abubakar Imam da ya fara fitowa a 1937 sunansa Magana Jari Ce, da c guda ɗaya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, da littattafan makaranta su ne suka kai wannan rubutu lungu-lungu. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don ci gaba da daidaita ƙa'idoji.

Tsarin da aka samu ya fi na Turanci gaskiya. Kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake wakilta, babu harafin da yake zaune shiru, an kuma sallami p da q da v da x tunda ba su da aiki. Ana ganin haka a kalmomin aro, inda baƙin Turanci yake miƙa wuya: p ta koma f a fensir da fasinja da Filato, v ta koma b a direba da talabijin da ma sunan Tibi, cunkoson baƙaƙe kuma aka raba shi da wasali a burodi da bulo da firamare. Inda ba a daidaita ba har yau shi ne baƙin farko na 'ya'ya: a Nijeriya da ɗan waƙafi a sama muke rubuta shi, a Nijar kuwa ƙugiya suke sa wa y ɗin.

Mu Nan Filato

Mai karatu zai ce ina ruwan Naraguta da wannan labari? Ruwanta ne ƙwarai. Sunan daga 'yan ƙasar ya samo asali, wato Anaguta, kuma a nan Turawan kuza suka kafa sansaninsu a farkon ƙarni na 20, kafin Jos ta bunƙasa. Haƙar kuza ta tara leburori da 'yan kasuwa daga ko'ina, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, Hausa ta zama harshen da kowa yake haɗuwa a cikinsa. Coci ma ta ɗauke ta, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ta haka miliyoyin mutane suka zama masu jin Hausa ba tare da sun sha ta a nono ba.

Kowa kuma da kunnen da ya zo da shi daga gida. Harshena na Birom yana da p da v da kp da gb, amma ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Abokan karatunmu Angas da Mwaghavul sun fi mu sa'a, domin harsunansu dangin Hausa ne na Cadi, suna da ɓ da ɗ tun daga gida, ƙ ce take ba su aiki. Shi ya sa a kasuwannin Jos za ka ji ƙafa ta zama kafa, ƙarfe ya zama karfe, kuma ciniki bai fasa faɗawa ba, tunda zance yana fayyace abin da ake nufi. Ni ban ɗauki wannan abin kunya ba. Haka harshe yake yi idan ya yi nisa da gida. Kuma abin ramuwar gayya ne: Bakanon da yake yi mana dariya a kan ƙ, a ba shi kalmar Turanci mai p da f a jere a ga yadda za a kwashe, domin a Hausa su biyun baƙi ɗaya ne.

Amma abin da aka yafe wa mai sayar da dankali a kasuwa ba za a yafe wa mai digiri a Hausa ba. Da yawa daga cikinmu aji za mu shiga mu koyar, wasu gidan rediyo, wasu fassara. Malamin da ba ya jin bambancin bari da ɓari yara 50 zai yaye a shekara waɗanda ba sa ji. Abin takaicin ma shi ne, yanzu Hausawan asali su ne kan gaba wajen zubar da ƙugiya a saƙonnin waya da shafukan sada zumunta, alhali haruffan suna nan a waya da kwamfuta ga wanda ya nema. Su ba su yi asarar komai ba, tunda sautin yana bakinsu. Yaron Bukur ko na Fankshin da yake koyon Hausa daga abin da yake karantawa shi ne aka mayar zamanin Schön.

Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan ya bar aikin gwamnati, Bargery ya koyar da Hausa a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, wadda aka fi sani da SOAS. A 1937 jami'ar ta ba shi digirin dokta a fannin adabi saboda ƙamusun. Ya ajiye koyarwa a 1947, yana da shekara 70 da ɗoriya, kowa ya ɗauka an gama ke nan.

Ashe da saura. A 1953, shekara ɗaya bayan rasuwar matarsa ta biyu, ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta gayyace shi ya jagoranci sabunta fassarar Hausa. Ya tattara ya komo Kano yana dattijo mai shekara 76, ya zauna har 1957, lokacin da ya koma Ingila aka ba shi lambar girmamawa ta OBE.

Ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1966, a gidan ɗansa da ke Tring, yana da shekara 89. A farkon wannan shekarar ne masana suka taru a Bamako ƙarƙashin UNESCO don daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Takardunsa suna ajiye a SOAS. Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga ƙamusun a Zariya a 1993 tare da ƙarin kalmomi da Neil Skinner ya tattara, daga baya kuma aka sa shi a intanet. Sai a 2006, shekara 72 bayan na Bargery, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda yake bayyana kalmomin Hausa da Hausa.